Hannuwan da ke Cikin Bidiyon

Ofelia Zamora tana cikin fitar da burodi daga tanda a gidan burodin da take aiki wayarta ta yi ƙara. Wata mata ce daga ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar jiha, wai ita Misis Vang.

"A kan darasin kemistirin nan ne na intanet," in ji matar. "Makarantar da ke ba da shi ba ta shiga jerin waɗanda muka amince da su ba tukuna, don haka sai mun tantance aikin da kanmu. Mun kalli bidiyon gwaje-gwajen. Muna son ganin mai hannuwan nan ido da ido, ranar Alhamis."

Ofelia ta dubi bayan hannunta na dama, inda tsohon tabon ƙuna ya kwanta tun daga wuyan hannu har gindin babban yatsa.

Abin ya faro ne a watan Agusta. Itzel, 'yarta tilo, ta dawo gida ta ce makarantarsu ta garin Fresno ba ta da malamin kemistiri bana, kuma jami'a ba ta ko kallon takardar wanda bai yi shi ba. Sai dai a yi ta intanet. Ta karɓi katin shaidar uwar, wai ana buƙatar na iyaye. Ta sa ta sa hannu a takardu har kala uku. Ta ma tambaye ta sunan tsohuwar makarantarta, wadda Ofelia ta bari da cikin Itzel, saura darasi ɗaya ta gama.

Sati biyu da farawa yarinyar ta fara shagwaɓa. "Mama, ga atisayen gudu, ga aikin ranar Asabar. Ki ɗan duba min wannan babin mana, ke da kanki ke ja."

Daga babi ɗaya aka koma biyu. Daga nan sai gwaje-gwaje a kan teburin kicin: ruwan jan kabeji, lemon tsami, garin soda. Itzel ba ta taɓa komai, waya kawai take riƙewa tana ɗauka. "Matso da hannunki sosai, Mama, ba ya fitowa." Ranar jarrabawa kuwa ita ke buɗe shafin, ta miƙo kwamfutar, ta ce kyamarar ta lalace. Ofelia ta ga ɗan koren hasken kyamarar yana ci a saman kwamfutar, ta ci gaba da amsa tambayoyin.

Abin kunyar shi ne daɗi take ji. Ranar da ruwan kabejin ya rikiɗe ya koma kore, sai da ta yi ihu kamar yarinya. Amma ta san sunan abin da suke yi. Maguɗi ne, kuma idan ya fito, ƙofar jami'a ta rufe wa Itzel ke nan.

Tun daga wayar nan ta daina yarda da kowa. Ta zargi malamin intanet ɗin, wanda bai taɓa tambayar me ya sa ɗalibarsa take aiko aiki a lokacin hutun masu gidan burodi ba. Ta zargi Misis Vang, don ai wannan sanyin murya na masu ɗana tarko ne. Ta fi zargin 'yarta. Ta taɓa tsintar littafin kemistiri mai hatimin makarantar su Itzel a ƙarƙashin gadon yarinyar, cike da rubutun jan biro, ita kuwa ta ce na ƙawarta ne. Makarantar da ba ta da malami, me take yi da littafi?

"Asirinmu ya tonu," ta gaya wa Itzel da yamma. "Sun ga hannuwan."

Itzel ba ta ko ɗago kai daga kwanon wakenta ba. "To ki je mana, Mama. Ki sa shuɗiyar rigar nan, ta fi yi miki kyau."

"Riga? Ina miki maganar rayuwarki kina min maganar riga? Wace irin zuciya gare ki?"

Ranar Alhamis ta sa shuɗiyar rigar, don kawai hannun rigar dogo ne, zai ɗan rufe tabon. Itzel ta tsaya a mota. A ofis Misis Vang ta kunna bidiyon: hannuwa biyu suna ɗiga lemon tsami cikin kofi, ga tabon nan ɓaro-ɓaro. Ofelia ta cusa nata ƙarƙashin tebur.

"Hannuwan wa ke nan?"

"Na 'yata ne." Ƙaryar ta fito da kanta, tun kafin ta yi shawara.

Misis Vang ta cire tabarau ta dube ta. "Idan na 'yarki ne, akwai matsala babba. Ki yi tunani da kyau, madam."

Sun riga sun sani ke nan. Ofelia ta fito da hannuwanta ta shimfiɗa su a kan tebur.

"Nawa ne. Ni na yi komai, tun daga babin farko har jarrabawa. Yarinyar ba ta da laifi, ni ce babba, ni ya kamata in hana. Don Allah kada ku rufe mata ƙofa."

Matar ta dubi tabon, ta dubi bidiyon, ta ɗauki biro ta sa hannu a wata takarda. "Abin da muke son tabbatarwa ke nan. An amince da darasin. Ita Itzel ai tun bara ta gama nata kemistirin a makarantarsu, fayil ɗinta yana wani tebur." Ta juyo da takardar ta turo gabanta.

Takardar neman shiga jami'a ce, da hoton katin shaidar nan a kusurwa, kuma sunan ɗalibar da ke samanta Ofelia Zamora ne.