Faifan Alhaji Ziblim

Sidiki ya soka fil a 'yar kafar gaban kwamfutar, farantin sa faifai ya tofo kansa waje da ƙyar. Ya haska tocila ciki. Kai! Idon da ke karanta faifai ya sake yin dishi-dishi, kamar an goge shi da hannun mai tuya.

A duk unguwar Nyohini babu kwamfutar da ta taɓa gagarar Sidiki, in ji Sidiki. Sai ga ta surukarsa, Hajiya Wasilatu, tana neman tona masa asiri. A cikinta take kallon faifan dawowar mijinta marigayi Alhaji Ziblim daga Makka, kuma nan kaɗai muryarsa ta rage. Ranar Juma'a dangi za su taru sadakar cikar shekara, shi kuwa mai bakin tsiya ya riga ya yi alkawarin kowa zai ga Alhaji tangaran.

Ya goge idon da auduga da sifirit. Ya sa faifansa na wa'azi, ya yi ras. Ya ɗaura kwamfutar a babur ya mayar. Kwana kaɗan ta dawo tana gurnani, tana juya faifai ba ta ganin komai.

Ya canza bel, ya canza waya, ya ciro na'urar gaba ɗaya ya sa sabuwa. Da ya mayar, sabuwar ma ta makance.

"Ke kike tuya kusa da ita," ya ce wa matarsa Mubarika.

"A ɗakin Mma? To je ka faɗa mata da bakinka."

Ina! Wa ya isa? Ko faifan ma bai taɓa riƙewa ba. Hajiya na naɗe shi a ɗankwali, ta ce ba ya kwanan shago. Abin da ta taɓa faɗa kawai shi ne daidai inda Alhaji ke saukowa daga mota, hoton yakan cije, ya yi ta ɗingishi.

Ranar Alhamis da hantsi Sidiki ya kai wa Hajiya gyararriyar kwamfuta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya jona waya, ya ce zai tafi. A bakin ƙofa ya tsaya gyara takalmin da ba abin da ya same shi, ido ta gefen labule. Yau sai ya kama mai yi masa wannan ɗanyen aiki.

Hajiya ta kwance ɗankwali a hankali. Ta jawo wani ɗan ƙoƙo daga ƙarƙashin gado, ta lakato man kaɗe, ta shiga mulka wa faifan gaba da baya.

"Sannu, Alhaji," ta ce. "Gobe kana da baƙi. Kawo gwiwar nan in shafa maka, kar ka yi musu ɗingishi."