Wa Ya Fara Buɗe Takardar?

Ƙarfe tara daidai na safiyar Litinin wani saƙo ya faɗo wa kowa a kwamfuta a ofishin wani kamfanin sufuri. Takarda guda aka liƙo masa, mai taken "Sunayen ma'aikatan da za a tura kwas ƙasar waje." Kafin tara da rabi ofishin ya yi tsit, irin shirun da ba na aiki ba.

Duk wanda ya buɗe, farin shafi ya gani fayau. Sai ya rufe, ya waiga hagu da dama, ya ci gaba da buga wasiƙa kamar bai san an yi ba.

Mai kula da kwamfutocin ofishin, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum ne ɗan gayu mai wayoyi biyu. A bayan idonsa kuwa sunansa Sai-Gobe. Wata bakwai ke nan manhajar da suke karanta takardu da ita tana roƙon a sabunta ta, shi kuma kullum gobe ce ranar.

Mutum ɗaya ce ta taɓa yi masa maganar. Wata dattijuwa ce mai tabarau da igiya, wadda Manaja ya kawo makonni biyu da suka wuce, ya ce za ta ɗan zauna da su, ya ba ta tebur kusa da injin kwafi. Nan take ofis ya yanke hukuncin cewa gwaggonsa ce zaman gida ya isa. Suka raɗa mata Gwaggo, ita kuma ta amsa.

"Ɗana, wannan abin da ke ta cewa a sabunta, ba ya gajiya ne?" ta tambaye shi a kwananta na biyu.

"Ki danna 'daga baya' kawai, Gwaggo. Takarda ai takarda ce, ba ta cizo."

Ta rubuta a ɗan littafinta. Komai sai ta rubuta. Ya tausaya mata har ya nuna mata yadda ake riƙe linzamin kwamfuta, ta yi godiya, ta sa masa albarka. Ko ruwa za ta tashi sha sai ta kulle fuskar kwamfutarta, sakatariya tana dariya, wai Gwaggo tana tsoron a sace mata haruffa.

Da sha biyu Manaja ya leƙo, fuskar nan a murtuke. Ya ce hedkwata ta kira: kwamfutocinsu sun yi ta magana da wani adireshi na waje tun safe. A cikinsu akwai sunaye da lambobin duk abokan hulɗar kamfanin, da hanyoyin da motocin kaya ke bi. Taro ƙarfe huɗu, kuma ana son sanin wanda ya fara buɗe ƙofar.

Injiniya ya tuɓe kwat, ya bi ƙarƙashin tebura yana zare wayoyin intanet. Aikin sabuntawar da ya gagari wata bakwai, cikin awa uku ya gama shi, har da na kwamfutar da ke ɗakin ajiya wadda ba a kunna ba tun bara.

A wurin taro kuwa sai ga shi ya koma malami. Ya ce tsohuwar manhaja kamar gida ne mai ɓarakar katanga: masu ita sun gano ɓarakar, sun aiko da siminti, sabuntawar ke nan. Ya ce mugu yana iya cusa umarni a cikin takarda, da an buɗe ta sai umarnin ya kama aiki ba tare da an danna komai ba. Takardar da ba ka sa ran zuwanta ba, ka kira wanda ya aiko ka tambaya. In dole ne, ka buɗe ta a yanayin kariya, inda ba a barin ta taɓa komai. Bayanin ya yi daɗi har direbobi biyu suka tafa.

"Madalla," in ji Manaja. "To wa ya fara buɗewa?"

Aka shiga kallon silin. Sakatariya ta gano wani abu a farcenta. Shugaban direbobi ya kama tari.

Injiniya ya gyara murya, ya saci kallon kujerar ƙarshe, inda Gwaggo ke zaune. "Ranka ya daɗe, ba na son kama suna. Amma wanda bai saba da na'ura ba, kuskure ba ya yi masa wuya. Shekaru ne. Ni dai ina roƙon a yi mata uzuri."

Ajiyar zuciya ta zagaye ɗakin. Kowa ya shiga roƙa wa Gwaggo afuwa da zuciya ɗaya, har da mai cewa shi zai riƙa duba mata saƙonni kyauta.

Gwaggo ta rufe ɗan littafinta, ta taso a hankali. Manaja ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Ta jawo kwamfutarsa, yatsunta goma suka zuba a guje kamar ruwan sama a kan kwano, sai ga majigi ya haska jerin sunayen waɗanda suka buɗe a bango, kowane da lokacinsa. Mutum goma sha tara ne cikin ashirin. Na farkon, Injiniya, tara da minti ɗaya ya buɗe, ya sake buɗewa sau uku, ko sunansa zai fito.

Ta dubi Injiniya ta saman tabarau, ta yi murmushi.

"Na gode da uzurin, ɗana, amma ni ban buɗe ba, don ni na haɗa takardar. Shekara ashirin ke nan hedkwata tana turo ni ofis-ofis in gwada masu kula da kwamfuta."