Inuwar Taɓarya

"Ƙarya kake, Alhaji!" na ce wa maƙwabcina gaban mai unguwarmu a Zogbeli. "In ka sare rimin nan, ɗakina zai danne."

Alhaji ya ce wai tsohuwar da ba ta san bihim ba, ina ta san tsawon itace?

Jikata, wadda kullum nake zagi kan zane-zanen lissafin sakandare, ta kafa taɓaryata a rana. Ta auna tsawon taɓaryar da inuwarta, ta auna inuwar rimin, ta lissafa a ƙasa.

"Kaka, har zai zarce ɗakinki. A kayar da shi ta fili." Ta kai dutse can. "Nan kansa zai tsaya."

Mai unguwa ya yarda, Alhaji na dariya.

Rimi ya faɗi. Sai da aka ɗaga ganyen ƙololuwarsa aka ga dutsen.