Makahon da Ke Zaɓen Wuƙa da Kunne

Tunda ka ce wuƙar aljihu za ka saya, mai naɗewa, to zauna tukuna in ba ka wani misali. Kasuwa ba guduwa za ta yi ba.

Akwai wani mutum ɗan rakiyar shanu, irin waɗanda kake gani a saman tirela in an yi lodi za a Kudu. Aikinsa shi ne idan sa ya faɗi a cikin mota igiya ta shaƙe shi, ya dira tsakanin ƙahonni ya datse igiyar kafin rai ya fita. Wuƙa mai kube ba ta yi masa, don mota na jijjiga, shanu na turereniya, sai ta zame ta soki mai ita. Dole sai mai naɗewa. To a wata tafiya yana tsakiyar yankan igiya, wuƙar tasa ta ga dama ta rufe kanta, ta tafi da rabin manuninsa, san kuma ya zama mushe. Mai shanu ya yi masa jaje sosai, sannan ya ja shi gefe ya ce in aka sake, sai dai ya nemi wata sana'ar. Ga iyali, ga yatsu tara da rabi, kuma ban da wannan aikin bai iya komai ba.

Ranar Juma'a ya shiga kasuwar Wudil, ya tsaya a rumfar mai wuƙaƙe. Nan take idonsa ya faɗa kan wata mai jan mariƙi, ruwanta na ɗaukar ido, har sai da ya duba haƙoransa a ciki. Ya buɗe ta, ya rufe, ya kai hannu aljihu. Sai ya ji murya daga gefen rumfa: "Ajiye ta, ɗana. Wannan mai cin ubangijinta ce." Wani tsoho ne makaho zaune a kan buzu, wanda ya shekara hamsin yana wasa wa mahauta wuƙa kafin idon ya tafi. Ko taɓa ta bai yi ba. Ƙararta kawai ya ji.

Shi kuwa ɗan rakiya shaƙiyyi ne na gaske. Ya ƙyafta wa mai rumfa ido, ya ce to Baba ya zaɓa masa. Ya riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗewa yana rufewa kusa da kunnen tsoho. Tsoho na karkata kai kamar kaza ta ji motsin shaho, yana cewa wannan mura take yi, wannan a kai wa mai yankan albasa, wannan kuma ko farce kada a ba ta amana. Da aka wuce goma, ɗan rakiya ya lallaɓa ya sake ɗauko jar nan ya kaɗa ta. Tsoho ya ce, "Ai mun gaisa da ita ɗazu. Ba ta tuba ba." Dariyar da mai rumfa ke ɓoyewa ta maƙale masa a wuya. Gogan bai daddara ba, ya naɗe mariƙin da gefen rigarsa don muryar ta sauya, ya sake kaɗawa. Tsoho ya ce, "Ka sa mata riga, amma ita ce." Nan fa mutane suka fara taruwa, masu salati na yi.

Sai tsoho ya sa aka kira wata mai tallan karas, ya lalubo guda ɗaya daidai kaurin yatsa. Ya ce a buɗe jar wuƙar, a gitta karas ɗin a kan mariƙi inda yatsa ke zama, a buga bayanta a jikin ginshiƙin rumfa, bugu ɗaya tak, kamar yadda ƙahon sa zai buge ta. Ɗan rakiya ya riƙe daga can ƙarshe, ya buga. Ƙyas! Wuƙa ta rufe, guntun karas ya yi tsalle ya faɗi a gaban takalminsa. Ya dubi guntun, ya dubi hannunsa.

Wadda tsoho ya zaɓa a can ƙasan tire take, mariƙinta baƙin katako, babu ado ko na sisi, in an buɗe ta ƙararta gajera kamar an datse kwaɗo. Aka gitta mata wani karas, aka buga bayanta sau bakwai. Ginshiƙi ne ya ji ciwo, karas kuwa lafiya lau, tsoho ya karɓe abinsa ya cinye. Ɗan rakiya ya cire hula, ya durƙusa, ya ce, "Baba, don Allah ta yaya?" Tsoho ya gama tauna, ya ce, "Ƙarfen da ya zauna daram magana ɗaya yake yi ya yi shiru. Mai rawa a ciki sai ya biyo da 'yar gulma a baya. Ku masu ido, ƙyalli ya toshe muku kunne."

Mutumin nan ya koma bakin aikinsa da baƙar wuƙarsa, har furfura ta cim masa a saman mota bai ƙara rasa sa ko ɗaya ba, bai ƙara rasa yatsa ba. Duba fa, mai ido biyu ne, wanda ke wuni a bisa tirela yana hango gari tun kafin direba ya hango, amma abin da ke cikin tafin hannunsa sai da makaho ya gano masa daga kan buzu. Shi ya sa Hausawa suka ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.