Waƙar da ta tsallake bango

To, kafintan nan ya shirya maganarsa tsaf, yau zai ce wa mai ɗinki yana son ta da aure. Yana isa ƙofar shagonta sai ya ji mai askin da ke gefenta yana fito. Ya tsaya cak. Waƙar marigayiya mahaifiyarsa ce, wadda take yi masa in tana masa wanka yana ƙarami. Duk duniya mutum ɗaya ya taɓa rera wa.

Ya faɗa shagon mai ɗinkin ko sallama babu.

"Lafiya, Malam? Gudumarka ce ta ɓata?"

"Abin da na ba ki amana shi kika kai wa mai aski? Zama yake kina koya masa?"

Ta ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ta dube shi, ta sunkuyar da kai.

"Ban koya wa kowa ba. Tun da ka rera min ta ƙi barin bakina. Bangon nan kuwa kai ka buga shi da siririn katako."

Fiton ya sake tashi, har da lanƙwasa.

"Ɓata ta ma yake yi," in ji shi, rai a ɓace.

"To ka kai ni inda kai kaɗai za ka riƙa ji."