Tabon da Ya Hau Bangon Littafin Biki

Da malamin zane ya ɗaga hoton da zai hau bangon littafin bikin makarantarmu, ba nawa ba ne. Sati uku na kwashe ina zana duwatsun Zuru da masu rawar bikin Uhola, kala goma sha biyu. Ita kuwa mai hoton, wata baƙuwar yarinya 'yar garin Ribah, fensir kawai ta sa.

Da aka tashi na lallaɓa ofis da kwalbar tawada, niyyata in ɓata shi. Sai na dubi hoton da kyau: hannun mace ne yana tsamo ƙosai a ƙofar makaranta, da tabon ƙuna a wuyan hannun. Na san tabon. Ni na ture kaskon ina ƙarama.

Na mayar da murfin kwalbar. Shekara biyar ina bin ƙofar baya don kada ƙawaye su san mai ƙosan nan uwata ce.

Ranar biki Mama ta daɗe tana kallon littafin, sannan ta rungume yarinyar.

"Ɗiyata, yaushe kika kalle ni haka?"

Ina gefe, riƙe da duwatsuna masu kala goma sha biyu.