Tsagar da ke Cikin Matoya

Alhaji Sabo na Funtua ya zagaya matoyar tukwanen yana ƙwanƙwasa bangonta, yana gyaɗa kai. Dogo, mai neman sayar da ita, ya ji ciniki ya faɗa. Gadon mahaifiyarsu ce, amma ai shi ne babba.

"Alhaji, a leƙa ciki mana," in ji Rahab, ƙanwar Dogo.

Alhaji ya sunkuya. Ga baƙar tsaga tun daga gindi har sama.

"Wannan ai ana hura wuta za ta zube!" Ya kaɗe rigarsa, ya shige motarsa Fijo.

Dogo ya dafe kai. "Yaushe ta tsage?"

Rahab ta lashi yatsa, ta goga. Tsagar ta ɓace.

"A nan Inna ta toya tukwanenta, a nan zan toya nawa. Kawo wani mai sayen, Yaya. Gawayina bai ƙare ba."